Lambar Gona Kafin Kuɗi: Yadda Ƙaramin Manomi Ke Neman Tallafi Da Rance A Karkarar Amurka

Wanda ya tashi a gidan noma, ko ya yi shekara ashirin yana tuƙa tasi a Niyok ko aikin dare a wani asibiti a Atlanta, ranar da ya ji ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko sai zuciyarsa ta motsa. Na sha jin 'yan'uwanmu mazauna Amurka suna cewa da za su sami 'yar eka biyar a bayan gari, da sun shuka kuɓewa da yakuwa da gauta, sun ajiye awaki da tumaki saboda masu layya da masu suna. Ba mafarkin banza ba ne, don masu saye suna nan. Abin da ke tsayar da su shi ne jari, sai kuma rashin sanin ƙofar da ake ƙwanƙwasawa.

Ƙofar ba a Washinton take ba. Tana cikin gunduma, wato abin da ya yi kusa da ƙaramar hukuma a tsarin Nijeriya. A mafi yawan gundumomin karkara akwai wani gini maras ado, wani lokaci a gefen titi kusa da masu sayar da kayan gona, inda Ma'aikatar Aikin Gona ta tarayya, USDA, ta zaunar da ma'aikatanta. Hukumomi biyu ne a ciki suka shafe ka. Ta farko FSA, ita ce mai rajistar gonaki da bayar da rance da tallafin bala'i. Ta biyu NRCS, ita ce mai kula da lafiyar ƙasa da ruwa, kuma ma'aikatanta ne za su sa takalmi su taka gonarka. Sau da yawa ƙofa ɗaya ake shiga, teburi ne kawai ya raba su. Idan ka gane aikin kowace, ka rage wa kanka yawo na wata da watanni.

Zan ɗauki gundumar Anson ta jihar Karolina ta Arewa a matsayin misali, don daga can tsarin kare ƙasa ya samo tushe. Gunduma ce ta karkara a bakin kogin Pee Dee, babban garinta Wadesboro, yanzu an fi saninta da kiwon kaji da shanu da katako. A zamanin da auduga ke mulki a can, ruwan sama ya yi ta kwashe saman ƙasa har gonaki suka koma kwazazzabai. Wani ɗan gundumar, Hugh Hammond Bennett, wanda aka haifa a 1881, ya girma yana ganin haka da idonsa, ya kuma ƙare rayuwarsa yana yi wa gwamnati ihu cewa zaizayar ƙasa annoba ce. Ba a saurare shi sosai ba sai da fari ya afka wa filayen Oklahoma da Kansas da Teksas a shekarun 1930, iska ta riƙa ɗaga gonaki sukutum, ƙura ta kai har Washinton. Mu da muka san hazon hunturu muna iya kwatanta duhun, sai dai wannan ƙurar gonakin mutane ce ke tafiya. A watan Afrilun 1935 majalisa ta kafa hukumar kare ƙasa, aka ba Bennett shugabancinta, ita ce ta koma NRCS a 1994. A 1937 kuma aka kafa gundumar kare ƙasa ta farko a duk ƙasar, a yankin rafin Brown Creek na Anson. Yau akwai irinta kusan 3,000.

Na kawo wannan tarihi ne don ka gane halin ofishin. Ɓangaren NRCS ba don tausayin manomi aka gina shi ba, don tsoron rasa ƙasa ne. Saboda haka tambayarsu ta farko ba "wane ne kai" ba ce, "wace gona" ce.

Rajista: abin da komai ke rataye a kansa

Kafin ka yi maganar ko sisi, sai gonarka ta sami lamba a FSA. Ka buga waya ka nemi a ba ka lokaci, kada ka faɗa musu haka kawai, don a wasu gundumomin ma'aikata biyu ko uku ne ke riƙe da ofis. Ka tafi da katin shaidarka, da lambar tsaron zamantakewa ko lambar harajin kamfaninka idan da sunan kamfani kake noma, da takardar mallakar gona. Idan haya ka kama, ka tafi da yarjejeniyar hayar a rubuce. A nan mutanenmu suka fi tuntuɓe. Mun saba da aron gona da baki, dattijo ya ce "je ka noma, Allah ya ba da sa'a", shi ke nan. A can bakin mai gona ba ya shiga fayil. Ko shafi ɗaya ne, a rubuta sunayenku, da wurin, da yawan eka, da shekarun hayar, ku sa hannu.

Ma'aikacin zai buɗe hoton gonar da aka ɗauka daga sama, ya zana iyakarta, ya ba ta lamba. Rajistar kyauta ce, kuma ba a ce sai gona ta kai wani girma ba. Masu noma a fili ƙasa da eka ɗaya ma suna samu. Eka ɗaya, ga wanda ya saba da hekta, kusan kashi biyu cikin biyar ne na hekta. Lambar ta ƙasar ce, ba taka ba. Idan ka tashi, tana nan tana jiran wanda zai gaje ka, kuma idan wani ya taɓa noma wurin, wataƙila ka tarar tana da lamba tun tuni, sunanka kawai za a ƙara.

A zaman nan za a miƙo maka fom-fom. Uku ne ya kamata ka karanta da natsuwa. CCC-941 shi ne shaidar cewa matsakaicin kuɗin shigarka na shekara bai wuce dala 900,000 ba, wanda ga yawancinmu abin murmushi ne. CCC-902 yana bayanin yadda kake gudanar da gonar: wa ya kawo jari, wa ke aiki, wa ke yanke shawara. Na ukun, AD-1026, shi ne wanda ake sa wa hannu da sauri a yi nadama daga baya. Da shi kake alkawarin cewa ba za ka nome ƙasa mai saurin zaizayewa ba sai da tsarin kariya da aka amince da shi, kuma ba za ka busar da dausayi ko fadama don ka shuka ba. Dokar gona ta 1985 ce ta kawo wannan sharaɗi. Mutumin da ya taso yana ganin fadama a matsayin zinariyar manomi zai ga wani lungu mai riƙe ruwa a gonarsa, ya ce bari ya ja masa lambatu ya shuka shinkafa ko masara. Kada ka taɓa shi sai NRCS ta zo ta duba ta ba ka hukunci a rubuce. Wanda ya karya wannan sharaɗi yana iya rasa tallafi da rance da rangwamen inshorar amfanin gona gaba ɗaya, a duk gonakinsa.

Idan Turancinka na hira ne ba na takarda ba, ka faɗa tun a waya. Ka tambaya ko za su samar maka da tafinta, ba abin kunya ba ne.

Taka gona da ma'aikacin NRCS

Da zarar lamba ta fito, tsallaka teburi na biyu ka nemi a zo a duba gonarka. Wannan ziyara kyauta ce, ba ta ɗaure ka da komai, kuma a ganina ita ce abu mafi daraja a duk ginin, fiye da kuɗin. Mutum ne da ya san ƙasar yankin zai zagaya da kai, ya nuna maka inda ruwa ke gudu, inda ƙasa ta taurare saboda takun dabbobi, inda ciyawa ke gaya maka an gaji da wurin. Daga nan ku tsara abin da za a yi a bana da baɗi da baɗin baɗaɗa.

Ka koyi yadda ake magana da su. Idan ka ce "ina son a yi mini shinge", amsar na iya zama a'a, don shirin ba na gina wa mutum gona ba ne. Idan ka ce awakinka suna cinye wuri ɗaya har ƙasa ta fito tsirara, ruwa na kwashe ta zuwa rafi, to ka ambaci matsalar da aka kafa su don ita, kuma maganinta shi ne a raba makiyayar gida-gida da shinge, a ja ruwan sha zuwa kowane gida, dabbobi su riƙa juyawa ciyawa na hutawa. Shingen da kake so ne, amma ta hanyar da ta dace. Ba wayo nake koya maka ba. Gaskiyar gonarka ce za ka faɗa da harshen da fom ɗinsu ke ji.

Babban shirin da ke biyan irin waɗannan ayyuka shi ne EQIP, wanda aka fara a 1996. Yana taimakawa wajen shukar rufe ƙasa bayan girbi, da gyaran kwazazzabo, da rijiya da bututun ruwan dabbobi, da wurin tara kashin kaji don kada ya gangara rafi, da rumfar leda mai tsawo da ake noman kayan lambu a ciki. Wannan rumfa ita masu ƙananan gonaki suka fi nema, don tana tsawaita damina gaba da baya, abin da kuɓewa da barkono ke buƙata a ƙasar sanyi. Sharaɗinta shi ne a shuka a cikin ƙasar wurin, ba a tukwane a kan tebur ba.

Ana karɓar fom ɗin neman shiga, NRCS-CPA-1200, duk shekara, amma kowace jiha tana da ranar da take rufe zagaye ta tara waɗanda suka shigo ta ba su maki. Shekarar kuɗin gwamnatin tarayya tana farawa 1 ga Oktoba, don haka a jihohi da yawa wa'adin farko yana faɗowa cikin kaka. Masu nema sun fi kuɗin yawa, kuma ba wanda ya riga zuwa ake ba ba, wanda aikinsa zai fi gyara ƙasa da ruwa ne. Idan ba a ɗauke ka bana ba, ka tambayi abin da ya rage maka maki, ka gyara, ka bar takardarka ta shiga zagaye na gaba.

Yanzu ga wurin da nake so ka karanta sau biyu. Kuɗin EQIP ba a gaba yake zuwa ba. Kai za ka yi aikin, su zo su auna su tabbatar ya yi daidai da ƙa'idarsu, sannan a biya ka. Kuma ba rasit ɗinka ake bi ba. Kowace jiha tana da jadawalin farashi da ta ƙiyasta wa kowane aiki, a kansa ake lissafi. Manomi na yau da kullum yana samun har kashi 75 cikin ɗari na wannan ƙiyasi. Sabon manomi, wato wanda bai wuce shekara goma yana gudanar da gona ba, da mai ƙaramin ƙarfi, da tsohon soja, suna iya samun har kashi 90, kuma suna da damar karɓar rabin kuɗin tun kafin aiki don sayen kaya, da sharaɗin a kashe shi cikin kwana 90 ko a mayar.

A ce jadawalin jiharku ya ƙiyasta rumfar leda a kan dala 10,000, kai kuma sabon manomi ne. Rabonka dala 9,000 ke nan, za ka iya karɓar 4,500 a gaba. Idan mai sayarwa ya ce rumfar da kake so da kuɗin kawowa dala 13,000 ce, ragowar 4,000 daga aljihunka za su fito, kuma kafin a biya ka rabin na biyu sai ka nemo inda za ka cike giɓin. Wanda bai yi wannan lissafi ba shi ne za ka tarar da ƙarafuna a jibge a gona, wa'adi na ƙaratowa.

Sai babbar doka: kada ka fara aiki kafin a sa hannu a kwangila. Ko ka cike fom, ko ma'aikacin ya ce maka da baki "da alama za ka samu", idan ka haƙa rijiyar nan jiya aka amince da takardarka yau, ba za a biya ka ba. Zafin nema ba ya kawo samu, a nan ma yana korar sa. Bayan sa hannu kuma dole ka fara aƙalla aiki ɗaya cikin wata 12, ka ci gaba da kula da abin da aka gina har tsawon shekarun da aka yanka masa, kuma gonar ta kasance a hannunka duk tsawon kwangilar. Mai hayar shekara ɗaya ba zai iya ɗaukar kwangilar shekara uku ba sai mai gona ya amince a rubuce. Wani ƙaramin sharaɗi da ke ba sababbi mamaki: ba a biyan gyaran ban-ruwa sai a gonar da aka yi wa ban-ruwa aƙalla shekara biyu cikin biyar da suka wuce. Kuɗin da ka karɓa kuma ana kai rahotonsa ga hukumar haraji, ka gaya wa mai yi maka lissafi.

Akwai ƙanin wannan shiri, CSP, na wanda ya riga ya gyara gonarsa yana son ƙarawa. Kwangilar shekara biyar ce, ana biya duk shekara, kuma tun 2024 mafi ƙarancin abin da ake ba mai kwangila dala 4,000 ne a shekara. Ba da shi ake farawa ba, amma ka sa shi a ranka.

Gonar da ake biyan ka don ka bar ta ta huta

CRP shi ne shirin da ke ba baƙo dariya idan ya fara ji: gwamnati ta yi hayar gonarka don kada ka noma ta. Shi ma daga dokar 1985 ya fito, kuma FSA ce ke riƙe da shi. Ana ɗaukar ƙasa mai saurin lalacewa ko wadda ke bakin rafi, a shuka mata ciyawa ko itatuwa, a bar ta shekara 10 zuwa 15. Duk shekara ana biyan kuɗin haya gwargwadon ƙarfin ƙasar da farashin hayar gona a gundumar, ana kuma ɗaukar har rabin kuɗin shuka ciyawar. Saurar da kakanninmu ke bari ce, sai dai wannan da takarda da albashi.

Ga sabon shiga, yawanci ba naka ba ne tukuna. Sai ka riƙe gonar aƙalla wata 12, kuma sai tana da tarihin noma na shekarun baya. Ba a kiwo ko yankan ciyawa a cikinta yadda aka ga dama, kuma wanda ya fasa a tsakiya zai mayar da abin da ya karɓa har da ruwa da tara. Amma akwai wata kafa da ta shafe ka kai tsaye. Idan kwangilar wani mai gona ta zo ƙarshe, ya yarda ya sayar ko ya ba sabon manomi hayar dogon lokaci, gwamnati na ƙara masa kuɗin shekara biyu. Saboda haka ka gaya wa ma'aikatan kana neman ƙasa. Su ne suka san dattijon da ya gaji, 'ya'yansa kuma sun tafi birni.

Rance

FSA ba banki ba ce da ke gasa da bankuna. Tana ba wanda banki ya ƙi ba shi da sharuɗɗa masu sauƙi, kuma burinta bayan wasu shekaru ka yi ƙarfin da za ka koma banki. Don haka kada ka ji kunyar takardar da banki ya rubuto maka ta ƙi. Ka adana ta, tana iya yi maka amfani. Dole ka zama ɗan ƙasa ko mai izinin zama da doka ta amince da shi, kamar mai katin zama na dindindin. Kada gwamnatin tarayya ta kasance tana bin ka bashin da ka yi jinkirin biya, kuma tarihin biyan bashinka ya zama mai kyau. Rashin tarihin kwata-kwata ba laifi ba ne a wurinsu, kuma tangarɗar da ta faru saboda rashin lafiya ko wani abin da ya fi ƙarfinka ana sauraron bayaninta.

Rancen gudanarwa, na iri da taki da abincin dabbobi da sayen dabbobin da tarakta, yana kaiwa dala 400,000, a biya cikin shekara ɗaya zuwa bakwai. Rancen sayen gona ko gina rumbu da makamantansu yana kaiwa dala 600,000, har shekara 40. Dokar gona ta 2018 ce ta ɗaga su zuwa haka. Na sayen gona yana buƙatar ka nuna shekara uku na hannu a harkar gudanar da gona cikin shekara goma da suka wuce, ko da yake karatun aikin gona ko aikin soja ko gudanar da wata sana'a na iya cike wani ɓangare. Akwai kuma wanda banki ne ke bayarwa, FSA ta tsaya maka har kashi 95 cikin ɗari idan ka kasa. Iyakarsa ta haura dala miliyan biyu, ana sabunta ta duk shekara.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya manta da waɗannan manyan lambobi ya dubi ƙaramin rance, wanda aka ɓullo da shi a 2013, iyakarsa yanzu dala 50,000. Takardunsa sun fi sauƙi, kuma ana sassauta sharaɗin ƙwarewa: sana'ar da ka taɓa riƙewa, ko wani gogaggen manomi da ya yarda ya riƙa duba ka a shekarar farko, suna iya wadatarwa. Shi ne ya dace da giɓin rumfar leda da na ambata, da 'yan tumaki ashirin, da firjin ajiye kayan lambu. Wanda ya biya ƙarami a kan lokaci shekara biyu ko uku ya gina suna, ya kuma tara shekarun ƙwarewar da za a nema ranar da ya zo sayen ƙasa. Da rarrafe yaro kan tashi.

Ranar sayen ƙasar idan ta zo, ka tambayi shirin kuɗin kafin alƙalami na sababbin manoma. Kai za ka kawo kashi 5, FSA ta ba ka kashi 45 na shekara 20 da ruwa mai rangwame, sauran rabin ka nemo daga banki ko daga mai sayarwa. A gonar dala 200,000, naka 10,000 ne, nasu 90,000, na banki 100,000. Rabon FSA a wannan shiri ba ya wuce dala 300,150 komai tsadar gonar.

Fom ɗin nema FSA-2001 ne. A 2023 aka rage shi daga shafi 29 zuwa 13, amma abin da ke cikinsa bai canza ba: me ka mallaka, nawa ake bin ka, me za ka shuka, nawa za ka girbe, wa zai saya, a nawa. Jami'in rance zai nemi takardun harajinka na shekarun baya da tarihin amfanin da ka samu. A nan littafin ajiye lissafi ya fi fartanya muhimmanci. Mai sayar da yakuwa a bakin masallaci ranar Juma'a yana karɓar kuɗi a hannu ba ya rubutawa, a idon jami'in bai taɓa sayar da ko ganye ɗaya ba. Tun daminar farko ka rubuta ranar shuka, da nauyin abin da ka cire, da kowace dala da ta shiga ko ta fita, ka buɗe wa gonar asusun banki nata daban. Idan kayan da kake nomawa baƙi ne a gundumar, ba su da farashi a jadawalin kowa, littafinka da wasiƙa daga mai shagon kayan abincin Afirka da ke saye a hannunka su ne kaɗai hujjarka. Kuma kada ka kumbura lissafi. Jami'in ya san abin da eka ke bayarwa a ƙasarsu fiye da kai.

Doka ta ba su kwana 60 su yanke hukunci, amma ƙirgen yana farawa ne daga ranar da takardunka suka cika, ba ranar da ka fara kawo su ba. Ana jinginar da amfanin gona ko dabbobi ko injuna ko ƙasar kanta, kuma ba ka sayar da abin da ke jingine sai da saninsu. Mai son kuɗin shukar bazara ya shigar da takarda tun cikin hunturu, don ko an amince, wani lokaci sai an jira kuɗi sun sauko.

Ba zan tsallake maganar da na san tana ran masu karatu da yawa ba: rancen FSA yana da kuɗin ruwa. Ƙasa yake da na kasuwa, ana sanar da shi duk wata, amma ruwa ne. Ni ba mai fatawa ba ne, wannan tsakaninka ne da malaminka. Abin da zan iya gaya maka shi ne EQIP da CSP da CRP da ziyarar NRCS ba bashi ba ne, babu ruwa a cikinsu, kuma ba a ce sai ka ci rance za ka same su ba. Mutum na iya kama haya, ya yi jari da adashi ko haɗin gwiwar 'yan'uwa, ya ci moriyar rabin ginin bai taɓa ɗaya rabin ba.

Idan shekara ta ɓaci, guguwa ko fari ko ambaliya, kuma aka ayyana gundumar cikin yankin bala'i, akwai rancen gaggawa har dala 500,000, ana nema cikin wata takwas daga ranar ayyanawa. Ka ɗauki hoton ɓarna kafin ka gyara komai, ka kai rahoto da wuri. Kayan lambun da kamfanonin inshora ba sa karɓa suna da kariyar NAP, wadda ake yafe wa sabon manomi kuɗin rajistarta idan ya cike CCC-860, amma kafin shuka ake shiga, ba bayan ƙanƙara ta sauka ba. Idan kuma ka ga ba za ka iya biyan bashi a kan lokaci ba, ka riga su magana. Suna da hanyoyin sake tsara biya ko tura kashi ɗaya zuwa ƙarshen wa'adi. Wanda ya yi jinkirin kwana 90 za a aiko masa da ƙunshin takardu, yana da kwana 60 ya amsa. Ambulan ɗin nan da ake jefawa a mota don tsoron buɗewa ya raba mutane da gonaki.

Rasit, da abin da ya sa

Duk lokacin da ka nemi wani abu a ofishin, ko an ba ka ko an hana, doka ta ce a ba ka rasit mai ɗauke da kwanan wata da abin da ka nema da amsar da aka bayar. Ka karɓa, ka adana. Wannan ba ƙa'idar banza ba ce. Shekaru masu yawa manoma baƙar fata a kudancin Amurka suna kukan cewa ana ɓatar da takardunsu, ko a ja su har lokacin shuka ya wuce. A 1997 wani manomi daga Karolina ta Arewa, Timothy Pigford, ya jagoranci ƙarar da aka sasanta a 1999, sannan a 2010 aka cimma yarjejeniyar biyan dala biliyan 1.25 don waɗanda ba su shiga zagayen farko ba. Yawancin ma'aikatan da za ka tarar yau mutanen kirki ne masu son ganin ka ci gaba, amma takarda ba ta mantuwa, mutum yana yi.

Idan aka ƙi ka, ka nemi dalili a rubuce. Kana iya neman a sake dubawa, ko a shiga sulhu, ko ka ɗaukaka ƙara zuwa sashen ɗaukaka ƙara na ma'aikatar, wanda ba ya ƙarƙashin FSA ko NRCS. Kwana 30 gare ka daga ranar da wasiƙar ta iso.

Sauran abin da ya rage na kalanda ne. Duk shekara ka kai rahoton abin da ka shuka a fom FSA-578. Ga yawancin amfanin bazara wa'adin 15 ga Yuli ne, kuma wannan rahoto shi ke gina wa gonarka tarihin da kowane shiri zai tambaya. Gunduma tana da kwamitin manoma da manoma ke zaɓa, mutum 3 zuwa 11, na shekara uku-uku. Ana tsayar da 'yan takara daga tsakiyar Yuni zuwa 1 ga Agusta, a yi zaɓe ta gidan waya a ƙarshen shekara. Mai rajista da ke noma a yankin da ake zaɓen yana da ƙuri'a, kada ka yar da taka. Sannan ka nemi ofishin malaman gona na jami'ar jiha, wanda kusan kowace gunduma ke da shi, don gwajin ƙasa da shawarar iri.

Lambobin dala da na kawo suna canzawa idan majalisa ta sabunta dokar gona, saboda haka ka sa jami'in ya nuna maka na bana a takarda. Idan kana da fili a hannu yanzu, naka ko na haya, ka nemi lambar wayar ofishin gundumarku a shafin farmers.gov, ka buga gobe da safe ka ce kana son a yi wa gonarka rajista. Ka tafi da katin shaida da takardar fili da littafin lissafinka, kuma kada ka fito ba rasit a hannu.